Ranar da Dije Ta Yi wa Kwamfuta Fifita

Ku samarin da kuka cika bakin tashar Gumel da tebura kuna gyaran waya, ina jin abin da kuke faɗa in na wuce. Wai Baba Habu ya tsufa, wai gyara yanzu ba wani abu ba ne, ka kalli bidiyo, ka cire wannan ka liƙa wancan, shi ke nan. To madalla. Ni dai ban yi fushi ba. Amma tun da kun zo har shagona kun cika mini benci kuna shan inuwa, yau sai kun ji, ko kuna so ko ba ku so. Wanda kuma ya taɓa wayarsa ina magana, wallahi karɓewa zan yi.

Aikin farko da na yi a shagon maigidana Malam Ilu mai rediyo, Allah ya jiƙansa, ba gyara ba ne, hura gawayi ne. A zamanin, ƙarfen da muke liƙa waya da shi ba na lantarki ba ne irin naku. Guntun jan ƙarfe ne mai ƙotar itace, a kan garwashi ake ɗora shi, in ya yi zafi a miƙa wa maigida ya narka dalma. Na ɗauka wasa ne. In miƙa masa, ya kai shi kusa da kuncinsa, ya dawo mini da shi. In mayar wuta, in sake miƙawa, ya sake dawowa da shi. In ƙarfen bai kai ba, dalmar takan dunƙule kamar kashin akuya, ta ƙi kama waya. In ya wuce, ya ƙone allon rediyon mutane, ranar kuwa kunnena ne zai biya. Sai da damina ta zagayo ina wannan aikin, sannan wata rana ya karɓa ya yi liƙi bai gwada a kunci ba. Ko sannu bai ce mini ba, amma ranar na ci tuwo da yawa.

Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba. Sukundireba, filaya, tsohon buroshin haƙori, da wata mita mai allura wadda sai an ɗan mare ta take motsi. Sauran kayan a jikinmu suke. Hanci ke gaya maka abin da ya ƙone tun ba ka buɗe ba. Ɗan yatsa kuwa, ka ɗan jiƙa shi da yawu ka bi ƙananan kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, wanda ya cije ka da zafi shi ne ɓarawon. Masu kawo gyara ma ba irin naku ba ne da ke ajiye waya su tafi yawo. Akwai wani dattijo daga wajen Gagarawa da ya kawo rediyonsa naɗe cikin rawani, ya zauna dab da ni har gwiwarmu na gogayya, ya ce ya ji labarinmu, muna sauya wa mutane kaya, don haka ko tsinke kada in cire masa. Na buɗe, sai ga kyankyasai sun yi gari a ciki, da mai rai da matacce. Na dube shi na ce, “Baba, waɗannan fa?” Ya leƙa, ya ce, “Waɗannan kam cire.”

Kwamfutar farko da na buɗe ta wani mai shagon buga takardu ce a kusa da sakatariya. Kullum in rana ta take sai ta mutu, in ta huta ta tashi. An kai ta Kano an dawo, ba ta daina ba. Ni a lokacin ban san ko sunan abin da ke cikinta ba, amma na sa ɗan yatsana kamar yadda aka koya mini. Sai na ci karo da wani ƙarfen alminiyo mai haƙora kamar matsefi, da 'yar fanka a kansa, ya cije ni har na yarfe hannu. A ƙarƙashinsa ƙwaƙwalwar kwamfutar take, ita ce ke yin lissafi, ita ce kuma ke ɗaukar zafi, ƙarfen nan yana tsotse zafin, fanka na kore shi waje. Fankar ce ta cije. Na wanke ta, na ɗiga mata man keken ɗinki, ta juya. Daga ranar na zama mai gyaran kwamfuta, ban je makarantarta ba.

Ku sani, a ƙasarmu rabin ciwon kwamfuta zafi ne. In bazara ta kankama, tun daga Gumel har Maigatari ba na zama. Ga masu shagon da son kwalliya, sai su lulluɓe ta da ƙyalle mai aiki, su toshe mata hanyar numfashi, sannan su zo suna cewa an yi musu baki. Wani mai buga takardu a Maigatari kuma na tarar ya jera dafaffen ƙwai da kofin shayinsa a bayan kwamfuta, daidai inda iska mai zafi ke fitowa, wai don kada su huce. Na yi masa faɗa kamar zan ari baki. Shekara da shekaru sana'ata ke nan, korar zafi. In na ji iska mai ɗumi na fita ta baya, sai in ce alhamdu lillahi, mugu ya tafi.

Sai shekarar wahala ta zo. An rufe boda, fataken da ke buga takardun kaya a Maigatari suka ɗauke ƙafa. Wayoyin nan naku kuma suka cinye sauran aikin, abin da ake zuwa shago a yi, yanzu mutum na kwance a kan tabarma yake yin sa. Shagunan buga takardu suka yi ta rufewa. Kamar hakan bai isa ba, taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka daɗe a duhu. Waɗanda suka kawo gyara ba su dawo karɓa ba, kwamfutoci suka taru mini har saman kanta. Sai in buɗe shago da safe, in share, in zauna, har la'asar ba wanda ya ce mini ci kanka. Na koma gyaran tocila da fankar caji, da damina in tafi gonar gero. 'Yan gwangwan sun sha zuwa suna taya mini tarin nan a kan kilo. Sau da yawa na kusa sallamawa, sai in ji raina bai ba ni ba.

Ana cikin haka wata rana wata mata ta sauka daga adaidaita a ƙofar shagona, da farar rigar asibiti a ƙarƙashin hijabinta. Malama Rabi ke nan, 'yar Gagarawa, ita ke riƙe da ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a Sule Tankarkar. Na san mahaifinta, na sha gyara masa rediyo. Muka gaisa, ta tambayi iyali, sannan ta dubi tarin ta ce, “Baba, cikin waɗannan wacce ta fi ɗaukar zafi?”

Na ce, “Wadda ta fi sanyi dai kike nufi.”

“A'a, Baba, mai zafin nake nema.”

Na ce, “'Yar nan, in tsokana ce, kin zo a mugun lokaci.”

Ta yi dariya, ta jawo benci ta zauna. Ta ce wata cutar ɓuya take yi a jini, ƙwayoyinta kaɗan ne, ko an duba a madubin gwaji ba a ganin su. Amma kowace ƙwayar cuta tana da tambarinta na halitta, abin da suke kira DNA. Akwai wani ruwan magani, in aka haɗa shi da ɗan abin da aka tace daga jinin majinyaci, aka riƙe shi a zafi guda, ba hawa ba sauka, zai yi ta kwafar tambarin nan yana ninkawa, har ya yi yawan da ruwan zai sauya launi daga ruwan hoda zuwa ruwan ɗorawa. In cutar ba ta ciki, launin ba ya motsi.

Na ce, “Wato fotokwafi.”

Ta ce, “Fotokwafi ce, Baba, amma sai da zafi take yi.”

Injin da ke riƙe wannan zafi yana can manyan asibitocin birni, ya fi ƙarfin irin nasu, ga shi ba ya son wutar da ke zuwa tana ɗaukewa. Amma ta ji daga abokan karatunta cewa a wasu wurare an gwada zafin kwamfuta, ya yi. Su kuma asibitinsu suna da sola da batir. Abin da ta rasa shi ne wanda zai sa zafin ya tsaya a digiri sittin da biyar kamar an kafa shi da ƙusa. Abin da na ƙare rayuwata ina kora ta taga, ashe akwai mai nemansa ido rufe. Wallahi daɗi ya kama ni, sai na ce mata ta dawo bayan sati.

Ga yadda na yi, ku buɗe kunne. Na zaɓi wata tsohuwa mai cin wuta, wadda da can nake tsine wa. Na cire ƙarfen alminiyonta na kai wa masu huda ƙarfe a bakin kasuwa, suka yi mini ramuka daidai ƙananan robobin gwajin, waɗanda ba su wuce kan ɗan ƙaramin yatsa ba. A kowane rami na ɗiga mai, don zafi ya rungumi robar ta ko'ina. Rami ɗaya na sa masa ma'aunin zafi mai waya. Wani abokin karatun Malama Rabi ya turo mata wani lissafi marar ƙarshe, in an kunna shi kwamfutar ta yi ta fama, zafi na hawa. Saura linzami. Sai na ciro maɓallin ƙara murya daga wata tsohuwar rediyo, na haɗa shi da fankar. In zafi ya wuce, in murɗa fanka ta ƙara gudu. In ya sauka, in sassauta. Kamar dai neman tasha. Gefen akwatin kuma na bar shi a buɗe don hannu ya riƙa shiga.

Kada ku ɗauka nan take ta yi. Gwajin farko ruwan ƙafewa ya yi. Wani kuma murfin robar ya yi tsalle. Muka gane inda maɓallin ke zama da bazara ba nan yake zama da damina ba. Ita kuma Malama Rabi ba ta da gaggawa, har tana ba ni haushi. Duk jinin da ta gwada a kwamfutarmu, sai ta sa ragowarsa a kula da ƙanƙara ta ba direban motar haya ya kai babban ɗakin gwaji a birni, a gwada da injin gaske. Sai da amsoshin suka yi ta zuwa daidai da namu, wata da watanni, sannan likitansu ya yarda a riƙa aiki da ita. Ko a nan ma, kowane gwaji roba uku take sawa: ta majinyaci, da wadda ta tabbata akwai tambarin cutar a ciki, da ta ruwa zalla. Ta biyun ita ce shaida. In ba ta sauya launi ba, to zafin ne bai yi ba, gwajin ya tashi a banza.

Ranar da nake so ku ji, ranar kasuwar Sule Tankarkar ce, farkon damina. Nakan je duk ranar kasuwa in duba kwamfutar, in karɓi ɗan gyaran rediyo. Na tarar an kwantar da wani makiyayi a kan tabarma a barandar asibitin, dab da ƙofar ɗakin gwaji. Sunansa Buba. A amalanken shanu aka kawo shi daga rugarsu. Ya rame, ya naɗe kamar tsumma, gumi na tsattsafo masa, in an taɓa masa gwiwa ko baya sai ya cije leɓe. Matarsa Dije na zaune a gefen kansa da faifai a hannu. Wansa Sambo na tsaye da sanda a kafaɗa, shi ne mai magana.

Sambo ya ce, “Malama, mun gaji. Tun rani yake kwance. An ce zazzaɓin sauro ne, ya sha magani. An ce taifot ne, ya sha. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Gobe da asuba shanu za su yi arewa, mu duka za mu tashi. Ba za mu bar shi a hannun baƙi ba. In kwana ya ƙare, ya ƙare cikin dangi.”

Malama Rabi ta ce, “Yaya Sambo, in aka ɗora mutumin nan a amalanke aka shiga daji da shi a haka, ba zai kai ba. Akwai cutar da nake zargi. Ku ba ni zuwa la'asar. In na gano ta, tana da magani.”

Ya ce, “Zuwa la'asar. In ta wuce, hanya za ta yi mana duhu.”

Da muka shiga ɗaki ta gaya mini a hankali cewa ruwan maganin wannan cutar da ya rage a kula, na gwaji biyu ne kacal, wani kuma ba zai iso ba sai bayan sun yi nisa. Ta ɗebi jinin Buba, ta tace, ta jera robobi uku a ramukansu. Na lura tun da aka zari jinin nan Dije ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Ta matso ta zauna a bakin ƙofa, tana kallon inda aka sa shi. Na murɗa maɓalli, ma'auni ya hau ya zauna daram. Aka kira azahar. Daidai nan aka ƙwala wa Malama Rabi kira daga ɗakin haihuwa, ana neman hannu. Na sake duba ma'auni, na ga ko gezau, na tafi masallaci.

Ina dawowa, tun daga baranda na ji fat, fat, fat. Na leƙa. Inna lillahi! Dije ce a durƙushe gaban kwamfutar. Ta tsoma mayafinta a randa, ta matse, ta shimfiɗa mata a ka, ga ta da faifai tana fifita cikin buɗaɗɗen gefen nan iya ƙarfinta, har gumi na ɗiga daga haɓarta. Ma'auni ya faɗo ƙasa warwas.

Na daka mata tsawa. “Ke! Me kike yi haka? Wa ya sa ki? Kin kashe mu!” Na fizge mayafin, ina duba ko ruwa ya ɗiga ciki. Allah ya taimaka bai ɗiga ba.

Ba ta firgita ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Malam, na taɓa shi na ji kamar garwashi. Jinin mai gidan ne a ciki. Shi ga shi can zazzaɓi na cin sa, nan ma a bar jininsa a wuta? Haka nake yi masa kullum in jikin ya ɗau zafi. Yana jin daɗi.”

Ni da na shigo da faɗa cike da ciki, sai na ji tausayi ya rufe ni. Tun rani matar nan take wannan fifitar, ita ce kaɗai abin da ya rage a hannunta.

Malama Rabi ta shigo da gudu, ta ɗaga robobin a haske. Duka ukun ruwan hoda, har da ta shaida. Ta ce, “Wannan ya tafi.” Ta dafe kai. Saura ɗaya. A waje kuma Sambo ya fara ɗaura wa shanun amalanke igiya. Ta ce wa Dije cikin lallashi ta koma wajen mijinta, za a rufe ƙofa. Na ce a'a, a bar ta. In aka rufe ƙofa, matar nan za ta zauna a waje tana jin ana dafa mata jinin miji. Na durƙusa na ce, “Dije, in kin tatso madara kina so ta zama kindirmo, me kike yi?”

Ta ce, “In ɗiga ɗan tsohon nono a ciki, in rufe ƙwarya.”

“Ɗan kaɗan ɗin nan shi ke kama ƙwaryar duka?”

“Shi ne mana.”

“Lokacin ɗari fa?”

“In lulluɓe ta da zane in kai ta kusa da murhu. In ta sha sanyi ba ta barci, ba ta zama kindirmo.”

Na ce, “To wannan ma ƙwarya ce. Abin da ke damun mai gidanki ɗan kaɗan ne a cikin robar nan, so muke ya kama ruwan duka mu gan shi. In ya sha sanyi ba ya kamawa.”

Ta daɗe tana kallon kwamfutar. Ta ce, “Ba dafa shi kuke yi ba?”

“Ɗumama shi muke yi.”

“To me ya hana ku faɗa mini tun farko?”

Malama Rabi ta haɗa na ƙarshe, ta yi bisimilla ta jera. Na kamo zafi na zaunar da shi. Wannan karon ko ƙofa ban kalla ba.

Ba mu yi nisa ba gari ya sauya. Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, rana ta ɓace. Sola ta daina ba da wuta, muka koma kan batir. Sai iska mai sanyi ta fara kaɗowa. Tagar ɗakin ragar waya ce kawai, ba murfi, iskar na shiga cikin kwamfutar kai tsaye. Ma'auni ya fara zamewa. Na sassauta fanka, yana sauka. Na kashe ta ɗungurungum, bai daina ba. Linzamina ya ƙare. Murfin gefen akwatin kuwa yana nan Gumel a ƙarƙashin kanta, don ban taɓa zaton zan neme shi ba. Na tsaya da bayana na tare taga, iska na bi ta gefena. Gumi ya karyo mini cikin sanyin nan.

Ban ga fitar Dije ba, sai dai na ga shigowarta da bargon da aka lulluɓe Buba da shi. Ba ta tambayi kowa ba. Ta yafa wa kwamfutar, ta tattara gefe da gefe ta cusa a ƙasa, yadda take yi wa ƙwarya. Ma'auni ya tsaya, ya fara hawa. Ya kai, ya nemi wucewa. Na ce, “Ɗaga kaɗan!” Ta ɗaga gefe guda. Ya dawo. “Rufe!” Ta rufe. Haka muka yi ta yi, ni ido a kan ma'auni, ita hannu a kan bargo, ruwa na dukan kwano har ba ma jin juna sai da ƙaraji. Can na ga tana ɗagawa tun ban yi magana ba, ta sa bayan hannunta a ƙarƙashin bargon tana jin ɗumin. Injin batir ya fara kukan nan nasa na cewa ya kusa ƙarewa. Malama Rabi ta zaga ta kashe duk ƙwan lantarki da fankar da ke asibitin, ta dawo ta tsaya da agogo a hannu, leɓenta na motsi. Sambo ya fake a bakin ƙofa, ruwa ya hana shi tafiya, yana kallon mu kamar mahaukata.

Da lokaci ya cika, Malama Rabi ta ce, “Buɗe.” Dije ta yaye bargon. Aka zaro robobin aka kai bakin taga. Ta ruwa zalla tana nan ruwan hoda. Ta shaida ta koma ɗorawa. Ta Buba ma ɗorawa ce sak, ko makaho ya shafa ya ji. Na ce, “Allahu akbar!” da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Ba a jima ba batir ya ɗauke, kwamfutar ta yi ɗif.

Malama Rabi ta juya ga Sambo ta ce, “Bakkale ce.”

Ni ban san kalmar ba, amma su sun san ta. Cutar da ke sa shanu ɓari ce. Sambo ya sauke sandarsa daga kafaɗa. Ya ce lallai bara shanunsu sun yi ta zubar da ciki, Buba ne kuma ke cire 'yan maruƙan da hannunsa. Amma bai taɓa jin tana kama mutum ba. Malama Rabi ta ce tana kamawa, ta wannan hanyar, da kuma ta ɗanyar madarar da ba a tafasa ba.

Dije ta dafe ƙirji. Ta ce, “Malama, kullum da safe ni ke miƙa masa ƙwarya, da ɗuminta daga nonon saniya. Ni na ba shi ke nan da hannuna?”

Malama Rabi ta kama hannun nata ta ce, “Yaya Dije, ba wanda ya san ta inda ta shiga. Daga yau dai a tafasa, ke da yara duka. Kuma hannun nan ne ya riƙe mana gwajin yau.”

Likita ya zo da yamma ya rubuta magani. Ya ce magani ne na makonni, ba a tsallake rana, kuma sai ana ganin majinyacin. Nan fa aka koma kan Sambo. Ya fita baranda, ya tsuguna kusa da ƙaninsa, suka yi magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Ya daɗe. Da ya tashi sai ya je ya kwance wa shanun amalanke igiya. Ya ce shi zai kai garke arewa, Buba da Dije su zauna a gidan wani kawunsu a cikin gari. Ya ce da Malama Rabi, “Amana ce.” Ta ce, “Na karɓa.”

Yanzu kwamfutocin nan da 'yan gwangwan suka so saye a kilo, na huda da dama daga cikinsu. Akwai a Gagarawa, akwai a Maigatari, har mai duba dabbobi ya zo ya karɓi tasa. Kowace na yi mata murfin gefe, kuma duk inda na kai, nakan ce a zaunar da masu jinya a gaya musu abin da ake yi da jinin ɗan'uwansu. Hannuna ya fara rawa, idona ba ya ganin ƙananan wayoyi sai da tabarau. In akwai mai so a cikinku, ƙofa a buɗe take. Amma ba zai taɓa sukundireba ba sai ya iya gaya mini zafin ƙarfe da bayan hannunsa, ko ya kalli bidiyo dubu.

Buba kuwa, ban ƙara ganin sa ba a wannan daminar, don ranar da nake zuwa shi yana gidan kawunsu. Labari dai nake ji wajen Malama Rabi, yau ya zauna, yau ya ci tuwo. Sai bayan kaka, ranar kasuwar Gumel, ina sunkuye a kan wata fanka na ji sallama, ɗakin ya yi duhu. Na ɗago na ga mutum ya cika ƙofa, da malafa da sanda, ƙafafunsa sun yi futu-futu da tafiya. Na amsa, na ce, “Rediyo ce ko tocila?”

Ya yi murmushi. Sai na hango Dije a bayansa da ƙwarya a ka, tana rufe baki da gefen mayafi.

Ta ce, “Malam, ba ka gane shi ba? An ce ya hau mota ya ƙi. Tun asuba muke tafe, wai sai ka gan shi a kan ƙafarsa.”

Na miƙe tsaye, na ga kaina ko kafaɗarsa bai kai ba. Ni a kwance na san shi, naɗe a kan tabarma. Ashe dogo ne. Sai da ya cire malafa ya sunkuya sannan ya iya shigowa.